Silin, taga ko hita: ina ya kamata kuɗinka su fara shiga kafin ɗarin Jos ya kankama?

Da Nuwamba ya raba tsakiya, hirar majalisun Jos takan koma kan abu guda. Wannan ya ce yau da asuba ruwan buta ya gagare shi, wancan ya ce jaririnsa ya kwana tari, wani kuma yana tambayar nawa ake sayar da hita a kasuwar Taminus bana. Garin nan a kan tudu yake, mita 1,200 da 'yan kai sama da bakin teku, shi ya sa lokacin da mutumin garin Lafiya ke kwana da fanka mu muna neman bargo na biyu. Daga tsakiyar Nuwamba zuwa ƙarshen Janairu, awon zafi da dare yakan sauko wajen digiri 11, wasu dararen ma ya faɗi ƙasa da 10. Wanda ya zauna Rasha ko Kanada zai ce ai wannan ba komai ba ne, amma shi gidansa domin sanyi aka gina shi. Namu bulo ne mai rami, da kwano, da gilashin luba, gini ne da aka tsara domin iska ta riƙa ratsawa.

Ƙanina da ke zaune a Rikkos ne ya jawo wannan rubutu. Ya zo mini bayan la'asar da 'yan kuɗin da ya tara, ya ce, "Yaya, kuɗin nan ba za su yi komai da komai ba. Silin ɗakin yara ya ruɓe, lubar falo duk ta saki, ga shi maiɗakina na cewa a sayi hita kawai a huta. Wanne zan yi?" Na ba shi amsa a tsaye, amma da ya tafi sai na ga tambayar ta fi ƙarfin amsar tsaye, kuma ba shi kaɗai ke yin ta ba.

Abubuwan nan uku ba aiki ɗaya suke yi ba. Hita tana kawo ɗumi. Silin da taga su ke riƙe ɗumin da ya samu, ko daga hitar ne, ko daga jikin mutanen ɗakin, ko daga ranar da ta doki bango da azahar. Wanda ya sayi hita ya kai ɗakin da ba ya riƙe ɗumi, ruwa yake zubawa a rariya, kuma kowane dare sai ya biya kuɗin ruwan.

Silin shi ne inda na fi so mu daɗe, domin ta nan yawancin ɗumin ɗakin Bajoshe ke gudu. A hunturu babu girgije, iska kuma busasshiya ce, saboda haka kwanon da ya ƙi taɓuwa da azahar kafin isha ya amayar da zafinsa duka. Da asuba ya zama tamkar faranti mai sanyi da aka kifa a kan ɗakin. Iska mai ɗumi kuwa sama take hawa. Idan babu silin, ko akwai amma ya ɓule, kai tsaye take zuwa ta taɓa kwanon ta huce ta sauko. Sannan ga kafofin da ke tsakanin kan bango da lanƙwasar kwano, inda jaura ke shigowa tana kaɗa yanar gizo. Duk wanda ya taɓa kwana a tsohon ɗakin ƙasa mai kaurin bango, irin waɗanda suka rage a tsofaffin unguwanni kamar Gangare, ya san bambancin. Ƙasa tana shan zafin rana ta riƙa sakinsa a hankali cikin dare. Mun bar wannan ginin, dole mu biya diyyarsa da silin mai kyau.

Iri huɗu za ka tarar. Na farko silin katako, wato filawud, wanda falle ɗaya ƙafa 4 ne da ƙafa 8. Shi ya fi sauƙin kuɗi, ana samunsa a kasuwar Katako tare da tu-bai-tu, wato sandunan katakon da za a kafa shi a kai, kuma idan falle ɗaya ya lalace shi kaɗai za a cire. Katako ba ya ɗaukar sanyi da sauri, wannan alheri ne. Aibinsa biyu ne, gara da yoyo. Ɗigon ruwa kaɗan ya isa ya kumbura shi ya ɓare fatarsa, kuma a garin da ruwan sama ke kai wajen milimita 1,400 a shekara, har da ƙanƙara wasu lokuta, rufin da ba ya yoyo ko kaɗan ba shi da yawa. Idan za ka sa shi, a shafe katakon da maganin gara kafin a kafa, kuma a rufe duk mahaɗar falle da siririn katako. Mahaɗar da aka bari a buɗe tana rage amfanin silin ƙwarai.

Na biyu silin roba. Ya yi farin jini ƙwarai, kuma na fahimci dalili: gara ba ta cinsa, ruwa ba ya ɓata shi, ba ya bukatar fenti, ana goge shi da tsumma. Cikinsa rami-rami ne, iskar da ke ciki tana ɗan taimakawa wajen tare sanyi, kuma fallayen suna shiga cikin juna ba sa barin kafa idan mai aikin ya iya. Abin da ke sa ni ɗari-ɗari da shi wuta ce. Roba idan ta ji zafi laushi take yi ta zubo, hayaƙinta kuma guba ne mai shaƙe numfashi. A falo ko banɗaki ban da ja. A kicin, ko a ɗakin da na san za a riƙa shiga da kasko, ba zan sa ba. Akwai kuma mai kauri akwai mai shara-shara. Shara-sharan yakan lotsa bayan shekara biyu ko uku ya yi ciki.

Na uku shi ne silin farar hoda da ake cewa fi'ofi. Wajen tare iska babu kamarsa, domin idan aka gama shi ba shi da mahaɗa ko ɗaya. Yana kuma jure wuta, saboda dutsen da ake yin hodar da shi yana riƙe da ruwa a jikinsa, kusan kashi 21 cikin ɗari na nauyinsa, sai ruwan ya ƙafe kafin wuta ta ci gaba. Amma shi ya fi tsada, yana da nauyi, ba aikin da mutum zai yi da kansa ba ne, kuma ruwa maƙiyinsa ne na gaske. Na ga falon wani abokina a Bukuru, an kashe masa kuɗi mai yawa, damina ɗaya ta shata masa taswira ruwan ƙasa tun daga fitila har kusurwa, bayan wata biyu wani yanki ya rufto a kan kujera. Allah ya tsare babu kowa a kai. Ba laifin fi'ofin ba ne, an ɗora shi ne a ƙarƙashin kwanon da ba a gyara ba. Wanda rufinsa tsoho ne kuma ba shi da kuɗin sake shi, ya haƙura da fi'ofi tukuna.

Na huɗu ba na saye ba ne, na gado ne: silin asbesta da ke cikin tsofaffin gidaje da kwatas-kwatas. Idan naka lafiya yake bai fashe ba, ka bar shi inda yake, ka shafa masa fenti ya danne ƙurarsa. Kada ka huda shi, kada ka kankare shi, kada ka farfasa shi da guduma yara na tsaye. Zaren da ke cikin ƙurarsa idan ya shiga huhu ba ya fita, cutar da yake jawowa kuma takan ɗauki shekara 20 zuwa 40 kafin ta bayyana. Ido ba ya bambance mai asbesta da wanda ba shi da ita, saboda haka duk tsohon falle ka ɗauke shi a mai ita. Idan dole a cire, a jiƙa shi da ruwa, a cire shi falle guda ba tare da karyawa ba, mai aikin ya rufe hanci da baki da takunkumi na ƙwarai, a kwashe kayan ɗakin tukuna.

Ga abin da ba a cika faɗa ba. Kowane irin silin ka zaɓa, fallen kansa siriri ne, babban aikinsa hana iska wucewa. Abin da ke riƙe ɗumi da gaske shi ne abin da aka shimfiɗa a bayansa. Audugar gilashi, wadda ake sayarwa a naɗe kamar katifa, ita ta fi dacewa, domin ba ta cin wuta. Ba kowane shagon kayan gini ke ajiye ta ba, sai ka tambaya. Kaurin santimita 5 ma yana sauya ɗaki, kuma ladarta biyu ce, don idan zafin Maris ya zo ita ce za ta hana zafin kwano saukowa. Tana sa ƙaiƙayi, a sa safar hannu da riga mai dogon hannu. Wasu suna tara farin soson da ake kunso firji da talabijin su jera a sama. Yana aiki, amma yana kama wuta nan take, kuma can saman silin nan ne wayoyin lantarki suke, nan ɓeraye ke gaigayar su. Dusar katako kuwa, da wasu tsofaffin kafintoci ke ba da shawara, ka gayyaci gara da gobara a rana ɗaya. Mutumin Jos ba sai an ba shi labarin wuta ba. Babbar kasuwar Taminus da ta ƙone a Fabrairun 2002 ta ishe mu. Kafin a rufe kowane silin, ka kira mai gyaran wuta ya hau ya duba duk inda aka haɗa waya da waya. Wannan kuɗin ban taɓa jin haushin biyansa ba.

Yanzu taga. Luba an yi ta ne domin garuruwan zafi, kuma a can ta yi daidai. A Jos ko sabuwa ce ba ta rufuwa ruf, balle idan ƙarfen da ke riƙe gilasan ya saki, ko an rasa gilashi ɗaya an cusa kwali. Silaidin ta alminiyom ta fi ta, amma ba kamar yadda ake zato ba. Inda ƙyauren biyu suka haɗu a tsakiya akwai kafa, gashin da ke gefenta yakan cinye, ƙura ta cika hanyar tayar, kuma alminiyom yana ɗaukar sanyi fiye da katako sau dubu da ɗoriya, shi ya sa da asuba firam ɗin kamar ƙanƙara. Wadda ta fi duka ita ce taga mai buɗewa kamar ƙofa, mai roba zagaye da bakinta, domin idan ka ja hannun ka murɗa, ƙyauren yana danne robar ne. Ita ce kuma ta fi tsada. Tagar katako ta dā tana da ɗumi, sai dai hunturu na busar da ita ta tsuke, kafofi su buɗe daidai lokacin da ba a so.

To me ya sa ban ce wa ƙanina ya sake tagogi ba? Domin sauya taga aiki ne mai jan aiki. A fasa bango, a cire ƙarfen tsaro ko a sake waldarsa, a yi filasta, a yi fenti. Kuɗin da zai sauya tagogi biyu na falo zai iya yi wa ɗakin kwana silin gaba ɗaya. Kuma mafi yawan abin da ke damun taga, mutum zai iya magance shi da hannunsa a yini guda. Silin ba ya karɓar dabara, taga tana karɓa.

Ga yadda nake yi. Da asuba bayan an dawo masallaci, lokacin da iska ke kaɗawa, ka kunna turaren tsinke ka bi gefen kowace taga da ƙofa a hankali. Inda hayaƙin ya karkata ko ya watse, nan kafar take, sai ka yi alama da alli. Za ka lura tagogin da ke fuskantar gabas da arewa sun fi laifi, domin iskar hunturu daga arewa maso gabas take zuwa, kusan ta wajen alƙibla. Su za ka fara bi. Tsagar da ke tsakanin firam da bango a cike ta da silikon, bayan an goge ƙura sarai, in ba haka ba ba zai kama ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, haka ma jaura. Gefen ƙyaure a liƙa siririn soso mai gam a baya. Ƙarƙashin ƙofa, inda ɗari ke shigowa ya bi ƙasa ya sami masu kwana a katifa, a yanko robar tsohon tub na mota a buga da ƙananan ƙusoshi, ta riƙa shafar daɓe. Luba kuwa a rufe ta da farar leda mai kauri ta ciki, a danne gefen da siririn katako, a bar ɗan tazara tsakanin ledar da gilashin. Wannan iskar da aka tsare a tsakani ita ce sirrin tagogin Turai masu gilashi biyu, mu dai namu na leda ne. A ɗora labule mai nauyi wanda ya sauka har ƙasa. Tsohon bargo ma ya yi.

Wani abu na kyauta: a Disamba rana ta kudu take karkata. Tagar da ke kallon kudu a ɗage labulenta tun hantsi rana ta shiga ta gasa daɓe da bango, a sauke shi kafin magariba. Daɓen tayil ko siminti kuma a shimfiɗa masa darduma, ko tabarma biyu, musamman inda yara ke kwana.

Sai dai ba kowace kafa ake toshewa ba, kuma nan ne maganar ta haɗu da abin da ya fi tayar mini da hankali, wato kasko. A shekarun baya na toshe ɗakin mahaifiyata tsaf, ina ganin na yi abin kirki. Bayan kwana uku na shiga gaishe ta da safe na tarar ta dafe kai. Na ce, "Inna, lafiya?" Ta ce, "Kaina ne ke sarawa tun dare, ga jiri, zuciyata na tashi. Yarinyar nan ma haka ta tashi." Na duba gefen gado sai ga kasko da toka. Na ce, "Inna, da shi kuka kwana?" Ta ce, "Ai sai da ya gama hayaƙi ya zama garwashi jajir na shigo da shi. Haka muke yi tun kana goye." Gaskiya ta faɗa, haka suke yi. Amma a dā ɗakin yana da kafa ta ko'ina, gubar na fita. Ni na rufe mata hanyar fita.

Gawayi yana fitar da iskar da likitoci ke kira kabon monoksaid. Ba ta da launi, ba ta da wari, kuma garwashin da ya daina hayaƙi bai daina fitar da ita ba. Tana kama jini fiye da yadda iskar numfashi ke kama shi sau 200 da ɗoriya, mai barci kuma ba ya farkawa ya ce wani abu na damunsa. Kurfoti, risho, murhun gas da aka kunna don jin ɗumi, janareto a baranda kusa da taga, duk hukuncinsu ɗaya. Idan mutane biyu ko uku a ɗaki ɗaya suka tashi da ciwon kai da jiri, a buɗe ƙofa da taga, a fitar da su waje, a kai su asibiti, kada a tsaya neman maganin ciwon kai. Ba na cewa a jefar da kasko, na san ga gidaje da yawa shi ne kawai abin da hali ya ba da. A ji ɗuminsa a tsakar gida ko a zaure mai buɗe. Idan an shigar da shi ɗaki, taga ta kasance a buɗe, kuma a fitar da shi kafin kowa ya kwanta. Wanda ya san ba za a bi wannan doka a gidansa ba, kada ya toshe ɗakin. Ita Inna yanzu ruwan zafi ake zuba mata a gora mai ƙarfi mai murfi, a naɗe da tawul, a sa cikin bargo kafin ta kwanta.

Hitar lantarki ba ta da wannan guba, nata lissafin daban ne. Hita mai wat 2,000 idan ta yi awa 8 ta sha yunit 16. A wata ɗaya yunit 480 ke nan. Kowa ya ninka da kuɗin yunit ɗin layinsa ya ga abin da ya fito. Kuma sai akwai wutar. Ƙaramin janareton da bai kai wat 1,000 ba ba zai ɗauke ta ba. Hitar tana jan wuta kusan amfiya 9, soket ɗin bango mai amfiya 13 zai ɗauka idan wayarin gidan na kirki ne, amma 'yar wayar ƙari ta araha narkewa take yi. Kada mai shago ya ce maka wata ta fi wata ba da zafi a yunit ɗaya. Duk hitar lantarki abin da ta ci shi take mayarwa zafi. Bambancin yana wajen yadda take bayarwa. Mai jan ƙarfe tana gasa wanda ke gabanta nan take, amma hatsari ce ga labule da gidan sauro da yaro mai rarrafe. Mai fanka tana ɗumama ɗaki da sauri, tana kuma tayar da ƙura da busar da maƙogwaro. Mai mai a ciki tana jinkirin ɗauka, amma ba ta yin ja, kuma ko an ɗauke wuta takan ɗan jima da ɗuminta. Ɗakin jariri ko tsoho, ita zan zaɓa. A ɗakin da aka yi wa silin aka toshe kafofi, awa ɗaya ko biyu kafin barci yakan wadatar, nan ne hita ke zama abin da mai albashi zai iya riƙewa.

Akwai kuma batun lokaci, domin hunturu na son wani aikin yana ƙin wani. Gyaran rufi yanzu ne lokacinsa, tunda daga Nuwamba zuwa Maris ba a sa ran ruwa. Amma hawa kwano ba na maigida ba ne. Kafinta ya san ya taka layin ƙusa inda katako yake a ƙasa, kai kuwa za ka taka tsakiya ka lotsa shi, ko abin da ya fi haka. Aikin siminti shi hunturu ya fi cuta. Busasshiyar iska na zuƙe ruwan filasta kafin ta kama, washegari ka ga ta yi tsaga kamar kaushi. Siminti na bukatar a riƙa ba shi ruwa aƙalla kwana 7, ƙarfinsa kuma sai kwana 28 yake cika. A lokacin da rijiyoyi suka fara ja da baya, 'yan garuwa suka ƙara kuɗi, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ƙaramin faci ka yi, ka rufe shi da jiƙaƙƙen buhu. Babbar filasta ta jira. Fenti kuma kada a shafa da sassafe bango na sanyi, kada a shafa ranar da hazo ya sauko, ƙura za ta manne a jiki.

Katako shi ma yana da halinsa. Wani dattijon kafinta a Katako ya taɓa rataya mini ƙofa a Janairu, na ga ya bar ɗan sarari a gefe. Na ce, "Baba, ai ta nan sanyi zai shigo." Ya ce, "Malam, yanzu katakon nan a tsuke yake. Idan na cika shi dam, Agusta na zuwa zai sha danshi ya kumbura, sai ka sa kafaɗa kafin ka buɗe. Bar shi da numfashinsa, ka liƙa soso a wurin." Haka aka yi, kuma Agusta ta gaskata shi.

Masu kallon bidiyon gyaran gida a YouTube su lura da inda aka ɗauke shi. Mutumin Kanada yana naɗe bututu ne domin ruwa idan ya daskare yana ƙara girma da kusan kashi 9 cikin ɗari ya fasa shi, yana kuma fama da nauyin dusar ƙanƙara a kan rufi. Ruwan famfonmu ba ya daskarewa. Bututun roba a Jos rana ce ke busar da shi ya tsage, fenti ko ɗan rufi ya ishe shi. Abin da za mu ɗauka a wajensu shi ne dabarar toshe kafa da shimfiɗa abu a bayan silin, sauran nasu ne.

Amsar ta kuma danganta da ko gidan naka ne. Ɗan haya kada ya zuba kuɗinsa a fi'ofi ko sabuwar taga da ba zai tafi da su ba. Leda, silikon, soso, labule mai nauyi, darduma, in da hali hita mai mai, duk waɗannan ko dai araha ne ko kuma suna bin ka idan ka tashi. Idan silin ya lalace, ka sami mai gidan ku yi magana a cire daga kuɗin haya, a rubuta a takarda da shaidu kafin a buga ƙusa ɗaya. Mai gidan kansa kuwa, rufi ne farko, don babu silin da ke tsira a ƙarƙashin yoyo. Daga nan silin, kuma ba sai gidan duka ba, ɗakin da aka fi kwana a ciki ya isa a bana. Tagogi a bi su ɗaya bayan ɗaya, a fara da ta arewa maso gabas.

Ƙanina ya kira kafinta ya sake ƙusoshin kwanon ɗakin yara ya liƙe huda uku, mai gyaran wuta ya sake wata mahaɗa da ya tarar ɓera ya ci rabinta, aka kafa filawud aka rufe mahaɗun. Kuɗin bai kai ga audugar gilashi ba, sai aka bar 'yar ƙofa a kusurwar silin don a shimfiɗa ta baɗi ba tare da ɓalle komai ba. Lubar falo mu biyu muka rufe ta da leda ranar Asabar tsakanin hantsi da azahar, muka bar ta saman kicin a buɗe. Hita bai saya ba. Maiɗakinsa ta ce a ba ta mako biyu ta gani, idan yaran suka ci gaba da tari maganar hita na nan daram, ya ce ya yarda.